Ranar da Na Ja Motar Surukina da Sabon Man Giya

In dai ina numfashi, ba zan taɓa manta wata Asabar da na ɗaura wa motar surukina igiya a Ƙofar Marusa da niyyar in ja ta zuwa Kambarawa ba. Shekaru sun wuce, amma duk sanda na tuna sai na ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa, kafin dariya ta biyo baya.

Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa a Babbar Kasuwa ta nan Katsina. Da na gaji da jiran motocin haya a kasuwannin ƙauye, sai na lallaɓa na sayi a-kori-kura ta hannu, fara, mai doguwar kujera ɗaya a gaba da fili a baya. Ita ke kwaso mini gero da dawa da masara. To, mai irin wannan mota ba ya rasa masu nemansa. Yau wannan motarsa ta mace a hanya, gobe wancan tasa ta ƙi tashi a ƙofar gida, kowa sai ya ce a kira mai farar mota. Har wata igiya mai kauri na saya na ajiye a bayan kujera saboda irin wannan taimako.

Wata rana da bazara na jawo wata ƙaramar bas daga bayan gari, rana kuwa kamar ta narkar da kwalta. Kafin mu shigo gari sai na fara jin wani kuka daga ƙarƙashin motata ta baya, wani irin wuuu da ke ƙaruwa in na taka totur. Giya ta yi tauri, sai na yi kokawa da ita kafin ta shiga. Ga wani wari kamar an ƙona roba. Washegari na kai ta wajen bakanikena, wani dattijo marar yawan magana da ya daɗe yana duba mini ita.

Ya kwanta ƙarƙashi ya kwance notin aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Abin da ya zubo baƙi ne wuluk, tsinkakke kamar ruwan wanke-wanke, da wari mai hawa kai. Ya nuna mini bakin notin, duk garin ƙarfe ya manne a jiki.

"Malam, yaushe rabonka da canza man giya?" in ji shi.

Na ce, "Au, shi ma canza shi ake yi?"

Ya girgiza kai. Ni a sanina baƙin man inji kawai ake canzawa, na giya kuwa na ɗauka da shi aka haifi mota, da shi za ta mutu. Ya yi mini bayani cewa ɗaukar kaya da jan mota suna sa giya da aksul su yi zafi ƙwarai, mai na gama-gari kuma in ya sha zafi tsinkewa yake yi, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Ya ce akwai wani da ake kira sintetik, ya fi tsada, amma yana jure zafi, ya kuma fi daɗewa. In zan koma kansa, sai an tsiyaye tsohon tas daga giya da aksul, sannan in dawo bayan mako guda ya duba ko akwai inda ke yoyo. Na ce a zuba.

Gaskiya kuwa na ga canji. Kukan ya ragu har ya kusa ɓacewa, giya ta koma shiga da yatsa biyu. Da na tsaya a nan da babu labari. Amma ni mutum ne da in abu ya burge ni sai na ɗora shi a kai. Cikin mako biyu na zama mai wa'azin man giya. A rumfa, a majalisa, a ƙofar masallaci bayan la'asar, duk wanda ya yi kuskuren ambaton mota sai ya sha karatu. Da farko cewa nake giya ta yi laushi. Daga baya na ce motar ta rage shan fetur. Can na fara cewa ƙarfinta ya ninka. Maiɗakina ta gaji, ta ce da ni wata rana, "Kai yanzu ko miya ce ta yi daɗi, cewa za ka yi man giya ne."

Mutum ɗaya ne ya ƙi karɓar wa'azina, wani Alhaji maƙwabcin rumfata, mai irin motata. Duk bayanin da na yi sai ya taɓe baki ya ce, "Mai dai mai ne. An canza mashi galan ne kawai, ka ruɗe." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na ƙudurta sai na nuna masa da idonsa.

Sai in gaya muku wane ne surukina. Tsohon hedimasta ne, dogo, mai tsare gida, wanda in ya yi shiru ya fi wani ya yi faɗa ban tsoro. A lokacin na fi shekara goma da auren 'yarsa, amma ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma in zan gaishe shi sai na durƙusa tun daga bakin zaure. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da ta girmi maiɗakina. Shi ke wanke ta da hannunsa, kuma ba a taɓa ganin wani a bayan sitiyarinta ba.

Ranar Asabar ɗin za a ɗaura auren 'yar ƙanensa marigayi a Kambarawa da ƙarfe sha ɗaya na safe, shi ne kuma waliyyin amarya. Dangin ango daga nesa suka taso tun asuba. Ni aikin da aka ba ni shi ne in kai kujerun roba. Na lafta su a bayan mota har sun fi kan motar tsawo, na ɗaure, na sa sabuwar shaddata fara da ta sha guga. Alhaji ya ce zai bi ni, tunda shi ma an gayyace shi. Muna shirin tashi, wajen ƙarfe goma, sai ga wayar maiɗakina.

"Ka bi ta Ƙofar Marusa maza. Motar Baba ta mutu bayan ya fito daga gida kaɗan, kuma goron ɗaurin auren da alawar duk suna cikin but ɗinta."

Muka same shi tsaye a gefen motar cikin babbar riga, hannuwa a baya. Ya yi ta murza makulli har batir ya ƙare. Na durƙusa muka gaisa, lafiyar gida, lafiyar yara, gajiyar hidima, duk da lokaci na tafiya. Sannan na ce, "Baba, ko za ka shigo gaba mu tafi, a kwashe goron, in an gama sai mu dawo wa motar?"

Ya ce, "Ban barin ta bisa titi."

Iyakar maganar ke nan. Ni kuwa cikina fari ƙal, don ga dama ta zo har gida. Ga mota a baya, ga lodin kujeru, ga Alhaji a gefena. Na ce, "To Baba, bari in ja ta. Ai motar tawa yanzu ba ta jin nauyi."

Na ɗauko igiya. Duk wanda ya saba jan mota ya san akwai wani ƙarfe mai kamar ƙugiya a ƙarƙashi, jikin gangar motar, wanda a nan ake ɗaurawa. Ni ma na sani. Amma kafin in kai gare shi sai na kwanta a ƙasa, ƙasar kuma ga jirwayen baƙin mai, ni ga farar shadda. Sai na duƙa kawai na zarga igiyar a jikin bambar gaba, wani dogon ƙarfe mai walƙiya da lambar motar ke manne a jikinsa, na ƙulle tamau.

Surukina ya leƙo ya ce, "Nan ake ɗaurewa?"

Na ce, "Nan ne, Baba."

Ya shiga ya kama sitiyari. Na ce masa ya cire giya, ya ajiye ƙafa kusa da birki, in ya ga wani abu ya danna mini hon. Ko kaɗan bai zo mini a rai cewa motar da batirinta ya mutu ba ta da hon ba.

Muka ɗaga. Da farko abin bai yi mini yadda nake so ba. Injin ya yi ta gurnani, motar tana tafiya kamar mai ciwon baya, ina jin nauyin tsohuwar motar har cikin kujerata. Alhaji ya gyara hula ya ce, "To, ina man naka?"

Na ce, "Ka bari ya ɗau ɗumi. Shi sai ya ɗau ɗumi yake nuna kansa."

Ban san inda na samo wannan ilimi ba, a take na ƙirƙire shi.

Ba mu yi nisa ba muka zo kan wani tudu irin wanda ake yi a titi don rage gudu. Na haye a hankali, igiya ta yi sako-sako, da na sauka sai na taka totur da ɗan ƙarfi don kada Alhaji ya sake magana. Sai muka ji gaf! Motar ta yi wata girgiza, daga nan kuma ta miƙe sumul kamar an sauke mata dutse.

Na juya na dubi Alhaji. Na ce, "Ka ji ko? Yanzu ya ratsa ko'ina."

Na sa giya ta uku, ta shige kamar an shafa mata man shanu. Na sa ta huɗu. Motar sai tafiya take, ba gurnani, ba nishi. Daga baya kuwa muna jin wata ƙara, garan-garan, garan-garan, tana biye da mu. Madubin tsakiya kujeru sun toshe shi. Na gefena ƙafafun kujeru kawai yake nunawa, na gefen Alhaji kuwa tun watan jiya wani mai keke napep ya fasa shi ban gyara ba. Alhaji ya leƙa ta taga ya dawo da kai.

"Ban hango ta ba, kujeru sun tare. Amma ga ƙararta nan."

Na ce, "Ai tsohuwar mota ce, ba ta saba da irin wannan gudun ba."

Mutane a bakin titi suka fara ɗaga mana hannu. Wasu na nuna bayanmu, wasu na dafe kai. Ni a raina cewa nake mamaki suke yi, ƙaramar mota da lodi haka tana jan wata kamar wasa. Har ɗaga musu hannu na dinga yi. Wani ɗan acaɓa ya biyo mu ya jero da tagata yana ihu, "Malam! Bayanka! Bayanka!"

Na leƙa na ce, "Na sani! Ja nake yi!"

Ya dube ni kamar ya ga mahaukaci, ya girgiza kai ya karya kwana.

Wayata ta hau ruri, maiɗakina ce. Ta katse ta sake kira, ta sake, ta sake. Alhaji ya ce in ɗauka mana. Na ce, "Alhaji, jan mota ba a haɗa shi da waya. Tambaya za ta yi ko mun iso." Har yau in na tuna yadda na faɗi wannan magana da ƙasaita, sai in ji kamar in nutse.

Muna dab da Kambarawa Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi na yarda. Kamar ba ka jan komai. In mun sauka ka rubuta mani sunan man nan."

Ban taɓa jin daɗin wata magana a kasuwa ko a gida kamar wannan ba.

Muka shiga layin gidan. Jama'a sun cika maƙil, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, liman na zaune a tsakiya, dangin ango a gefe suna duba agogo. Na danna hon sau biyu don a san mun iso, na tsaya daidai gaban taro. Na fito na gyara zaman hulata, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Baba, sannu da hanya, mun iso lafiya!" Na zagaya bayan mota don in buɗe masa ƙofa.

Igiya na nan, ƙullin da na yi na nan daram. A ƙarshenta kuwa bamba ce kwance a ƙasa, duk ta goge da kwalta, lambar motar na manne a jikinta. Babu mota, babu surukina.

Na tsaya ina kallon layin da muka shigo, wai ko zai ɓullo da kansa. Alhaji ya zagayo ya tsaya a gefena, ya dubi bamba, ya dube ni, ya ce a hankali, "Inna lillahi." Liman ya ɗago kai ya ce, "Malam, ina waliyyin?"

Sai wani tsoho daga dangin ango ya taso da sandarsa, ya duƙa ya karanta lambar, ya ce, "To, lambarsa dai ta iso. Halan sauran na tahe."

Dariyar da ta ɓarke a wurin, na tabbata har bakin titi an ji ta. Ni kuwa ba dariya a raina. Sai a lokacin na gane cewa na yar da dattijo a tsakiyar titi cikin motar da injinta ya mutu. Ban ma tsaya an sauke kujeru ba, na jefa bambar a kai na juya da gudu.

A wajen tudun nan na tarar da motar an tura ta gefe, an kulle, gabanta wayam kamar bakin da aka cire wa haƙora. Surukina ba ya nan. Wani mai faci da ke da rumfa a wurin ya taso yana goge hannu.

"Kai ne mai farar motar?"

Na ce ni ne.

"Kai Malam, ka yi abin mamaki. Bamba na cirewa muka ga ka ƙara wuta. Tsohon ya hito tsakiyar titi ya cire hula yana kaɗa maka, ko waiwaye. Wata tifa ce ma ke bayanshi, Allah ne ya sa birkinta na da kyau, kamar tsawon hannu ya rage. Mu muka tura motar gehe. Ya buɗe but ya ɗauki goronshi da alawa, ya tare acaɓa ya hau."

Da na ji maganar tifa sai na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na ce, "Bai ji ciwo ba?"

"Lahiyarshi lau. Ya dai bar maka saƙo. Ya ce in mai farar mota ya dawo a gaya mashi kada ya taɓa ta."

Na koma Kambarawa a hankali, kamar mai rakiyar gawa. Na tarar har an shafa fatiha ana rabon goro. An ce da ya sauka daga acaɓa da ƙunshin goro a cinya, ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya ba dangin ango haƙurin jinkiri, ya zauna ya ba da aure kamar ba abin da ya faru. Mutane a tsaye da kan tabarmi suka halarci ɗaurin auren, don kujerun suna bayan motata suna yawon gari. Na laɓe a bayan rumfa har taro ya watse.

A gida maiɗakina ta tare ni da faɗa, ta ce sau bakwai ta kira ni, Baba da kansa ya buga mata yana tsakiyar titi. Tana cikin faɗan ta ce in gaya mata abin da na ce wa ɗan acaɓan, don labari ya riga ni isowa. Da na maimaita, sai ta juya baya kafaɗunta na rawa. Faɗan bai ƙarasu ba.

Washegari da hantsi na ɗauki bakanikena da bamba muka nufi Ƙofar Marusa. A hanya na ba shi labari, mutumin da ban taɓa jin dariyarsa ba sai da ya ce in tsaya gefe ya gama. Da ya share hawaye ya ce, "Malam, man giya ba ya ƙara wa mota ƙarfi. Aikinshi ya hana ƙarfe zafi da cinyewa, shi ke nan. In ka ji nauyi ya tafi farat ɗaya, to nauyin ne ya tafi."

An riga an turo motar ƙofar gidan surukina. Surukina na zaune a zaure kan buzu da carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye bambar a gabansa kamar mai kawo gaisuwar sallah, na ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini."

Ya ci gaba da jan carbinsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Man nan da kake ta faɗi, mi sunanshi?"

Na ce, "Sintetik, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Yana da kyau. Tun da nake ban taɓa ganin mota ta ɓace mani da sauri haka ba."

Na ji bakanike ya fice waje da sauri yana tari. Surukina ya ajiye carbi, muryarsa ta sauya. Ya ce, "Na yafe. Tsayuwar rana ba komai ba ce, acaɓa ma na hau shi da ƙuruciya. Abin da ban ji daɗi ba, na tambaye ka, ka amsa mani da abin da kai kanka ka san ba haka ba ne. Kada ka ƙara yi wa kowa haka."

Na ce, "In sha Allahu, Baba." Wannan magana ta fi dariyar taron jiya shiga jikina.

Bakanike ya gano abin da ya kashe motar, wata 'yar waya ce ta tsinke. Ya gyara, ya kawo batir ya tashe ta, ya mayar da bamba da sababbin notuna. Da zai tafi sai surukina ya kira shi gefe suka yi ƙus-ƙus. A hanya na tambaye shi me aka ce. Ya ce, "Cewa ya yi in zuba mashi irin man naka, amma kada in gaya maka."

Har yau shi nake zubawa a motata, kuma yana yin aikin da aka yi shi dominsa, ba ƙari. Na sayi sarƙar jan mota ta gaske, na gyara madubi, kuma ko da wace riga ce a jikina, ƙasa nake kwantawa in nemi ƙugiya. Amma babban abin da na ɗauka a ranar ba na mota ba ne. Na gane cewa in mutum ya ƙwallafa rai sai ya yi gaskiya, duk gargaɗin da aka yi masa yabo yake ji. Mutane sun nuna, an yi mini ihu, waya ta yi ta ruri, duk na fassara su yadda raina ke so. Shi ya sa yanzu in wani al'amari ya yi mini sauƙi farat ɗaya, a kasuwa ne ko a cikin iyali, ba murna nake fara yi ba. Tsayawa nake yi, in sauka, in je in duba wa na bari a hanya.